Sunan da Ya Tafi Faransa

Kwana goma sha tara da haihuwar yaron, har yanzu ba a sa masa suna ba. Uwarsa Gesine tana ce masa Ƙaramin, ubansa Eilert yana ce masa Mai Kuka, kakansa kuwa, tsoho Harm Dirksen, ba ya kiransa da komai. Sai dai ya tsaya a bakin gadon jaririn da lofensa a hannu ba wuta, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zura takalmin katakonsa ya fita wurin shanu.

Ba wanda bai san sunan da ya kamata yaron ya ɗauka ba a ƙauyen Oldewarf da ke bakin tekun Jamus. Tun da aka gina gidan nan a bayan ganuwar da ke tare teku, Diedrich shida aka yi a cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, har sunan gidan ma, Dirksen, daga nan ya fito. Ƙa'idar gidan kuma ba ta da wuya: sunan ba ya hawa kan mutum biyu masu rai. Sai mai shi ya mutu, an buga masa ƙararrawar coci sau uku kamar yadda ake yi wa namiji, sannan sunan ya sauka ya jira ɗan da za a haifa. Shi Harm bai samu ba, don an haife shi ubansa na raye. Amma tsohon ya rasu saura sati biyu a haifa wa Harm ɗansa na fari, shi ya sa ɗan ya zama Diedrich na shida. A littafin coci ne kawai yake Diedrich. A gida da gona Dirk ake ce masa.

Dirk ya tafi yaƙi. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo daga Faransa a tsakiyar shekarar 1944, bayanta sai wata takarda daga soja mai layi uku, wai ba a san inda yake ba. Shekara bakwai ke nan. Uwarsa Talke ta yi ta ajiye masa kofin shayinsa a gefe har ta rasu shekara uku da suka wuce. Duk wanda ya taɓa Harm da maganar ƙararrawa, amsa ɗaya yake samu, cewa shi bai ga gawa ba, bai ga kabari ba.

Da a ce akwai wani yaron a gaba, da an bar tsohon da abinsa. To, haihuwar ta zo wa Gesine da wuya ƙwarai, likita ya ce daga wannan ba za ta ƙara ba. Idan wannan yaron bai zama Diedrich ba, sunan ya fita daga gidan ke nan. Idan kuma zai zama, sai Harm ya yarda a buga wa Dirk ƙararrawa. Uwar Gesine tuni ta fara faɗa a bakin shago cewa ai su ma suna da suna, mijinta marigayi Menno bai yi wa kowa laifi ba.

Ranar Alhamis da la'asar Ubbo ya shigo shan shayi. Shi ne mai buga ƙararrawar coci, tare suka yi makaranta da Harm, tare aka riƙa dukansu. Gesine ta saka musu dunƙulen sukari a kofi, ta zuba shayi mai zafi har sukarin ya yi ƙara, ta ɗora saman madara da ɗan cokali. Ubbo ya leƙa gadon jaririn ya ce, "Sannu, Malam Wane ɗan Wane. Yaya gida? Ni ko ɗan maraƙi aka haifa a gidana, kafin uwar ta gama lashe shi na sa masa suna."

"Shi ya sa duk shanunka sunansu ɗaya," in ji Harm.

"Gara nawa, suna amsawa."

Suka sha kofi na biyu. Ubbo ya ce Fasto ya aiko shi ne, ranar Lahadi za a yi baftisma, ba zai ƙara ɗaga ranar ba. Ya ce shi ma nasa ɗan ba a kawo masa gawa ba, hula kawai aka aiko masa da ita, kuma da hannunsa ya ja igiyar ƙararrawar, shi Ubbo kuma bai mutu ba. Harm ya ce wanda aka aiko wa hula ai an aiko masa da wani abu. Ubbo ya dube shi, ya ajiye cokali a cikin kofi alamar ya ƙoshi, ya ce, "Taurin kanka tun muna aji ɗaya yake, Harm. Allah ya sauƙaƙe maka shi."

Washegari yaron ya tashi da tari. Ba wani tari mai tsanani ba ne, amma iskar teku a watan Maris ba ta da tausayi ga jarirai, kuma a layin bayan coci akwai ƙananan kaburbura da yawa. Harm ya shigo da bokitin madara ya tarar da Gesine zaune kusa da murhu ta rungume shi. Yarinya ce mai kunya, shekara biyu a gidan ba ta taɓa yi masa musu ba. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Baba, ba don in ɓata maka rai ba. Idan wani abu ya same shi yau, me za mu rubuta a allonsa?"

Harm ya ajiye bokitin. Ya juya ya fita, ya hau kan ganuwa. Ruwa ya ja baya, ba abin da ake gani sai laka har iyakar ido, da tsuntsaye suna tsattsaga ta. A nan ya koya wa Dirk kama kifi da ƙafa a cikin laka, yaron yana ihu saboda sanyi yana ƙin fitowa. Ya daɗe a tsaye har hannuwansa suka daina jin komai. Daga nan bai koma gida ba, ya wuce gidan Ubbo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce gobe Asabar da tsakar rana a buga wa Diedrich Dirksen. Ubbo bai yi ba'a ba ranar. Ya cire hularsa kawai.

Da Harm ya faɗa musu a wurin cin abinci, Gesine ta yi kuka a hankali, kukan sauƙi da tausayi a haɗe. Eilert kuwa ya ajiye cokalinsa a kan dankalin, bai ƙara kai komai baki ba. Harm ya ɗauka baƙin cikin ɗan'uwa ne, ya ƙyale shi.

Da safiyar Asabar ya yi aski, ya ciro baƙar rigar da ya binne Talke da ita, ya goge takalmin fata. Saura kamar minti arba'in rana ta take tsaka, ya fito ta ɗakin shanu, don nan ne hanya ta fi kusa. Sai ga Eilert tsaye a bakin ƙofar ya tare ta, busasshiyar ciyawa a kafaɗarsa, wani tsohon gwangwanin shayi a hannunsa.

"Baba, kada a buga."

"Matsa in wuce. Je ka sa rigarka."

"Ba a buga wa mai rai, Baba. Yaya Dirk yana da rai."

Wata saniya ta ja sarƙarta. Harm ya nemi abin da zai dafa, hannunsa ya samu bakin kwamin ruwa, ya zauna a kai da baƙar rigarsa. Eilert ya yi ta magana da sauri, idonsa a ƙasa. Shekara biyu da rabi da suka wuce, a kasuwar shanu ta gari, wani mutum da ya dawo daga zaman fursunan yaƙi ya ji ana kiransa Dirksen, ya ja shi gefe ya rubuta masa adireshin wani ƙauye a Faransa. Eilert ya rubuta wasiƙa, Dirk ya amsa, aka kuma roƙe shi da girman Allah kada ya gaya wa kowa. Da cikin Gesine ya tsufa ya sake rubutawa a kan maganar suna. Amsar ce a cikin gwangwanin. Ya ce ya zaci zai iya yin shiru har abada, amma jiya ya kasa haɗiye ko ruwa.

Abin da Harm ya fara tambaya shi ne, "Uwarku tana da rai lokacin?"

"A'a. Wata biyar da rasuwarta."

Harm ya gyaɗa kai. Ya karɓi takardar, rubutun Dirk ne, mai kwantawa gefe kamar ciyawa a iska, amma idonsa ya ƙi tsayawa a kan layin. Ya mayar wa Eilert ya ce ya karanta.

Yawancin wasiƙar labari ne. Bayan an kama shi an sa su tonon nakiyoyin da aka binne a bakin teku, a nan ya rasa yatsu biyu. Daga baya aka ba da shi aiki a gonar wani tsoho wanda sojojin Jamus suka kashe masa ɗa. Shekara guda tsohon bai yi masa magana ba, ranar da ya fara kuma bakinsa ya kasa kama sunan Diedrich, sai limamin cocinsu ya ce a kira shi Thierry. Yanzu ya auri 'yar tsohon, suna da 'ya mace. Ƙarshen kuwa Eilert ya karanta shi kamar yadda yake.

"Na yi abubuwa a ƙasar nan lokacin da nake Diedrich Dirksen, ƙanena, waɗanda ba zan iya zama da su a teburin Baba ba. A nan sun san irin abin da muka yi, kuma sun ba ni kujera. A gida za a tarye ni da murna, ba wanda zai tambaya, ni kuma ba zan iya ɗaukar wannan ba. Ka bar Baba ya binne ni, ya fi masa sauƙi. Sunan kuwa ku ba yaron in namiji ne. Ba mai kirana da shi a nan. Yayanka, Thierry."

Harm ya karɓi takardar ya ninke ta, ya sa a aljihun ƙirji. Bai zagi Eilert ba, bai kuma ce ya yafe masa ba. Ya tashi ya kama hanyar coci, yana sauri irin wanda bai yi ba tun yana da shekara hamsin, ƙasan wandonsa duk laka.

Ya tarar da Ubbo a gindin hasumiya ya cire riga, ya tofa yawu a tafin hannu, ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa. Mata biyu har sun tsaya a bakin shinge da baƙaƙen mayafai.

"Saki igiyar, Ubbo."

"Kai dai ba ka da dama. Jiya fa ka zo da ƙafarka."

"Saki. Yana da rai."

Ubbo ya saki. Ya buɗe baki zai yi murna, da ya ga fuskar abokinsa sai ya rufe. Ya ɗauki rigarsa ya je ya gaya wa matan su koma gida, an samu kuskuren rana.

Gidan Fasto yana jikin cocin. Mutum ne mai littattafai, irin wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ba ka tarihin agogo. Harm ya ƙi zama, ya ƙi shayi, abin da ba a yi a ƙasar. Ya buɗe takardar ya rufe rubutun da tafin hannu, ya bar sa hannun kawai a fili. Ya ce abu ɗaya ya zo tambaya: wannan sunan na Faransawa, wani suna ne daban, ko kuwa?

Shi kansa bai san amsar da yake so ba. In suna ne daban, to ɗansa ya tuɓe sunan kakanninsa ya jefar a ƙasar mutane, amma sunan ya sauka, gobe yaron zai ɗauka. In kuma ba haka ba ne, bai yarda ya kai tunaninsa can ba tukuna.

Fasto ya sauko da wani littafi mai baƙin bango, ya hura ƙurar. Ya ce mutanenmu na da, tun kafin coci ya zo, da kalma biyu suke haɗa sunan ɗa namiji, kamar yadda kafinta ke haɗa katako biyu. Harm gajeren Hermann ne, runduna da mutum. Eilert kuwa kaifin takobi ne da ƙarfi.

"Eilert ɗin da dinya ke kora," in ji Harm. "Malam Fasto, ba nawa na tambaya ba."

Fasto ya juya shafi. Ya ce Diedrich, rabin farko jama'a ne, rabin ƙarshe mai iko, wato mai riƙe da jama'a. Sunan ya yi tafiya tun da daɗewa. Maƙwabtanmu na Holan Dirk suke cewa kamar mu, wasu a nan bakin teku su ce Tjark, Ingilishi suka karɓa suka mai da shi Derek. Wata ƙabila kuma daga cikin danginmu ta yi yamma fiye da shekara dubu da suka wuce, ta zauna a inda ake kira Faransa yanzu, da sunan a bakinta. Harshen can ya yi ta goge shi yana cinye gefensa, har abin da ya rage shi ne wannan da ke ƙarƙashin yatsan Harm, Thierry.

"Suna ɗaya ne, Harm. Limamin nan ya san abin da yake yi. Bai sake masa suna ba, nasa ya ba shi da bakinsu."

Sai a lokacin Harm ya zauna. Ya ɗauke hannunsa daga kan takardar, ya bar Fasto ya karanta duka. Da ya gama ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Mutumin kirki ne, ya so ya nemo masa mafita. Ya ce ai ƙa'idar ta gidanku ce, ba ta coci ba. Ga shi mai sunan ya saki da rubutun hannunsa. Shi a shirye yake gobe ya rubuta Diedrich a littafi ba tare da ƙararrawa ba, ba kuma wanda zai ji komai daga bakinsa.

Harm ya girgiza kai a hankali. "Shi yana ganin ya cire, bai san yana jikinsa ba. Matarsa in ta kira shi cin abinci, sunan ubana take kira. Ya ce in binne shi. Ban iya binne shi ba shekara bakwai da ban san komai ba, yau da na sani ne zan karɓe masa suna?"

"To gidan fa? Na shida shi ne na ƙarshe ke nan."

"Na sani."

Da ya koma gida ya tarar da tarin yaron ya yi sauƙi, yana barci da hannu ɗaya a kunne. Eilert ya riga ya gaya wa Gesine, idanunta sun nuna. Harm ya tsaya a tsakiyar ɗakin da wandonsa mai laka, ya tambaye ta yadda ake kiran babanta a gida, Menno ɗin ne ko akwai wani. Ta ce Menno ne kawai. Ya ce mutumin kirki ne, ya taɓa taya shi ciro saniya daga rami cikin ruwan sama bai karɓi ko godiya ba. Ya ce ta aika wa uwarta ta zo da wuri gobe.

Ranar Lahadi coci ya cika, don labarin ƙararrawar da aka fasa ya zaga, ko da yake ba wanda ya san dalili in ban da mutum biyar. Harm ne ya riƙe yaron a gaban kwanon dutsen da aka yi wa Diedrich shida baftisma a cikinsa. Farar rigar da aka sa wa yaron ma ita ce ta Dirk, Talke ce ta ɗinka. Fasto ya jiƙa hannu, ya tambayi sunan kamar yadda aka saba, ya ɗan jira fiye da yadda ya saba jira, ko tsohon zai sake shawara.

"Menno," in ji Harm.

Aka yi ƙus-ƙus a baya. Uwar Gesine ta toshe baki da mayafi. Ruwan ya sauka a goshin yaron, ya tsala kuka, Ubbo ya ce daga kujerarsa, a hankali amma kowa ya ji, "To madalla, ya amsa."

A gida aka yi shayi da baƙin burodi da man shanu, maƙwabta suka cika ɗaki. Harm ya sha kofi uku don kada a ce, ya amsa barka, ya bar uwar Gesine ta rungume shi. Eilert ya zo ya tsaya kusa da kujerarsa. Can Harm ya tambaye shi, muryarsa ƙasa, yadda ake faɗin sunan Dirk na Faransa. Eilert ya ce shi ma a takarda kawai ya san shi, bai taɓa jin an faɗa ba. Yarinyar fa, 'yar Dirk, me sunanta? Eilert ya ce bai rubuta ba.

Lokacin tatsa bai yi ba, da sauran awa biyu, amma Harm ya tashi ya ɗauki bokiti. Ba wanda ya tsayar da shi. A ɗakin shanu ya jawo 'yar kujerarsa ya zauna a gefen jar saniyar, ya jingina goshinsa a cikinta mai ɗumi. Ya gwada faɗin sunan yadda Fasto ya faɗa jiya, harshensa ya tuntuɓe tun a farko. Ya sake gwadawa, abin da ya fito bai yi kama da sunan kowa ba. Saniyar ta waiwayo ta dube shi tana tuƙa. Ta bango yana jin muryoyin mata suna kiran Menno, Menno, suna gwada sabon sunan a kan yaron. Ya zauna a nan da bokitin a tsakanin ƙafafunsa, bai tatsa ba, bai kuma koma ciki ba.